Kafin ka yarda turbo ya mutu, tambayi wanda ya kashe shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya, ina roƙon a ɗan sammini fili in amayar da wani abu da ya ci min kuɗi ya ci min rai wata huɗu cur, ko Allah zai sa wani ya karanta ya tsira da aljihunsa. Ni dai ba bakanike bane, ƙwai da abincin kaji nake sarowa daga Kano ina raba wa 'yan kiri a Zariya da Giwa har Funtuwa. Motata wata tsohuwar wagon ce 'yar Kwatano mai shan gas, gas ɗin dizal nake nufi fa ba na girki ba, ba kuma wannan CNG da ake yayi yanzu ba, injinta 1.9 ne mai turbo, ko tabo kamar yadda 'yan gareji ke faɗa, wato na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙara masa ƙarfi. Na san mu masu ƙananan motocin gas ba mu kai 'yan fetur yawa ba, amma in ka haɗa da masu Hilux da masu bas da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram masu shan gazuwal ai mun isa a saurare mu.

Abin ya fara ne wata Talata cikin hunturu tsakanin Shika da Giwa. Na fito zan wuce wata tirela, na kai daidai tsakiyarta, kawai sai mota ta saki jiki kamar wanda aka riƙe wa riga ta baya. Na danna totur har ƙasa ba abin da ya ƙaru, ga wata tanka ta taho tana ta watsa min fitila, wallahi ban san sanda na fara salati da ƙarfi ba, na take birki na koma bayan tirelar da kyar, kiret uku na ƙwai suka tashi daga aiki a nan take. Na gangara gefe na kashe mota jikina na rawa. Bayan kamar minti biyu na sake tayarwa, sai ga ƙarfi ya dawo ras kamar ba ita ba. Haka ta riƙa yi min, in ina tafiyar cikin gari lafiya lau, in na hau babban titi na nemi ta ja da kaya sai ta noƙe, ba za ta wuce 80 ba ko zan karya totur ɗin, in na kashe na kunna ta warke.

Na kai wa bakaniken da nake kai wa, ba zan kama sunansa ba don har gobe muna gaisawa kuma ba mugu bane, rashin sani ne. Ya buɗe bonet ya ba ta wuta sau uku ya kara kunne, ya miƙe ya goge hannu da tsumma yace, "Alhaji tabo ne ya tafi, sai dai a sa wani." Ko sifana bai ɗauka ba. Ni kuma da ban san hagu da dama ba nace to, washegari na shiga Kofar Ruwa na sayo tokumbo da kuɗin da zai iya sayen ragon layya mai kyau har da canji. A ƙarƙashin bishiyar darbejiya aka ɗaura shi, iska na ta kwaso ƙura, notuna a zube cikin yashi, na ga yaro yana lafta wani jan gam a bakin inda bututun mai ke shiga nace wannan fa, yace don kar ya yi yoyo. Nace ba za a yi juye ba? Oga yace ai ba a daɗe da yi ba Alhaji, kar ka ɓata kuɗinka. Suna gama ɗaurewa ya tayar ya danna totur har motar na kururuwa, wai don ya zauna.

Kwana uku tsakani, wajen Tashar Yari, ta sake noƙewa. Sak irin na da.

Daga nan aka shiga canki-canka, yau a ce nozul ne, gobe a ce gas ɗin da na sha ne mai ruwa, jibi a ce kwamfutar motar ce ta rikice. Duk abin da aka ce in sayo sai in sayo. Ana cikin haka wajen sati shida sai sabon turbon ya fara wani kuka kamar jiniyar 'yan sanda daga nesa, salansa ta fara fidda hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙauri, baƙin mai kuwa duk zuwa Funtuwa da dawowa sai na ƙara. Na ci gaba da lallaɓawa don kasuwa ba ta jira, kuma wannan gangancin nawa ne ba na kowa ba.

Ranar da abin ya kai maƙura a Funtuwa ne, bakin wani mai shayi. Na tsaya kenan ban ma taɓa totur ba sai inji ya ɗauki ihu da kansa yana ƙaruwa, na murɗa makulli na kashe, na zare makullin ma gaba ɗaya yana hannuna, amma inji bai san ana yi ba, hayaƙi ya turnuƙe wajen har ba ka ganin na kusa da kai, mutane suka watse mai shayi ya bar tukunyarsa, wani na ta ihun aljanu ne. Wani direban tirela ne Allah ya kawo, ya ajiye kofinsa ya ture ni ya faɗa ciki, ya taka kuloci ya sa giya ta 5, ya danne birki da iya ƙarfinsa ya saki kulocin lokaci guda, motar ta yi wata girgiza ta mutu. Duk abin bai kai rabin minti ba. Da ya fito yace min, "Maigida ka gode wa Allah, da an ƙara minti ɗaya sai dai ka tsinci fistin a ƙasa." Shi ya fahimtar da ni cewa injin gas ba shi da fulogi, matsi ne ke kunna masa wuta, saboda haka in turbo ya ɓalle yana tura baƙin mai cikin hanyar iska to injin zai koma shan baƙin man nan a matsayin abincinsa, makulli kuwa gas kawai yake iya tsayarwa. Ko dai ka shaƙe shi da giya kamar yadda ya yi, ko ka toshe bakin iskar da katako ko wani abu mai tauri, yace kar ka kuskura ka sa tafin hannu ko tsumma don zai zuƙe, kuma kar a watsa ruwa. Mai otomatik ba shi da zancen giya, toshe iskar ce kawai mafita. Edita ko wannan kaɗai ka buga min ya isa, don na tabbata direbobi da yawa ba su taɓa jin labarin ba.

Shi direban ne ya kwatanta min wani dattijo a Zariya mai gyaran tireloli da taraktoci, yace in kai masa kafin in sake sayen komai. Aka jawo min mota da igiya. Na same shi zaune kan wata tsohuwar kujerar DAF yana cin goro, na zayyane masa komai, na ƙare da cewa Baba so nake ka faɗa min inda zan samu turbo mai kyau don wannan ma ya mutu. Ya dube ni yace, "Ɗana, wa ya kashe shi?" Nace ban gane ba. Yace, "Shi wannan abin bai cika mutuwa da kansa ba, kashe shi ake yi. In ba ka kamo makashin ba, ko goma ka sayo haka zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farkon yana ina?" Allah ya taimake ni yana nan cikin buhu a sito, duk da uwargida ta yi ta fama in bari ta ba 'yan gwangwan su ba ta roba. Na tura yaro a babur ya ɗauko.

Kafin yaron ya dawo ya yi min karatun da ya kamata a ce na samu tun ranar da na sayi motar. Yace ka san zuga-zugin maƙera? To shi ne turbo. Wuta ba ta ci sai da iska, in kana so inji ƙarami ya yi aikin babba sai ka cusa masa iska da ƙarfi don ya iya ƙona gas mai yawa. Fanka biyu ce a jikin sanda ɗaya, hayaƙin da ke fita yana juya ta baya, ta gaba kuma tana zuƙo iska daga eya kilina, wato matatar iska, tana dannawa cikin inji, a hanya iskar ta bi ta wani ɗan lagireto da ake kira intakula ta huce. Daga baya da na bincika na ga sandar nan tana juyawa sama da sau 150,000 a minti ɗaya, wasu ƙananan ma suna haura 200,000, alhali shi injin kansa da kyar yake wuce 4,500. Gefen hayaƙin kuma zafinsa kan kai digiri 600 zuwa 800 in ana jan kaya. Kuma duk wannan gudun a kan me take yinsa, a kan wani ɗan shafin baƙin mai da bai kai kaurin gashi ba, sandar yawo take a cikin mai ba ta taɓa ƙarfe. In man ya yanke na 'yan daƙiƙu ko ya zo da datti shikenan an gama.

Ya cire tiyon gaba na tokumbon ya sa yatsa biyu ya kama kan sandar ya girgiza, ni da nake tsaye ina jin ƙwas ƙwas, bakin fankar duk ya cinye ya goge jikin gidanta. Yace wannan kam gawa ne. Ya kwance siririn bututun ƙarfen da ke kawo mai daga inji ya sa baki ya hura, kumatunsa suka kumbura iska da kyar take fita. Ya sa yaro ya yanka shi da zarto ya miƙo min, Edita cikinsa ya cushe da wani baƙin abu mai tauri kamar gawayi, hanyar da ta rage ba ta fi ƙofar allura ba. Sannan ya sa tsinke a ramin da mai ke shiga turbon ya zaƙulo wani ɗan guntun jan gam kamar ƙwayar gero. Yace ga makasan nan su biyu, na ukun kuma wanda ya tayar da shi a bushe ya ba shi wuta. Intakula da aka sauke aka tuntsurar, baƙin man da ya fito ya kusa cika robar ruwa ta lita ɗaya, shi ne abin da injin ya sha a Funtuwa.

Da na farkon ya iso ya juya shi a hannu, ya murza fankar ta yi ta juyawa sumul, ya girgiza sandar gefe da gefe akwai ɗan motsi kaɗan, nace to ai ga shi shi ma yana rawa. Yace wannan rawar halal ce, wajen da mai zai zauna ne, muddin fanka ba ta taɓa bango ba. Wadda ake tsoro ita ce ta gaba da baya, ya ja ya tura, shiru ba motsi. Ya ajiye shi a kan cinyarsa yace, "Wannan lafiyarsa ƙalau, kun yi wa mai rai jana'iza."

To me ya sa mota ke noƙewa tun farko? Nan ne wani jikansa ya shigo, yaro ɗan kwalejin kimiyya, ya zo da wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana ya soka ƙarƙashin sitiyari ya haɗa da wayarsa, sai ga lamba ta fito P0299. Yace ma'anarta iskar da turbo ke turawa ba ta kai yadda kwamfuta ke nema ba, da P0234 ce da ta nuna iskar ta yi yawa. Duk biyun in kwamfuta ta gani sai ta rage wa mota ƙarfi da gangan don kar inji ya lalace, in ka kashe ka kunna ta sake ba ka dama, wato noƙewar nan da ta kusa kashe ni a Giwa. Amma abin da ya burge ni, yaron da kansa yace lambar ba ta ce turbo ya lalace ba, cewa kawai ta yi iska ta gaza, sai a nemi dalili. Baba ya bi wasu siraran tiyo na roba da ba su fi kaurin fensir ba yana latsawa ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan wanda ke zuwa wani ɗan gwangwani a jikin turbo ya lanƙwasa shi, sai ga tsaga ta buɗe baki a ƙasa inda yake gogar wani ƙarfe. Irin turbon motata akwai wasu ƙananan fukafukai a gefen hayaƙi da ke buɗewa da rufewa, tsotson iska ta wannan tiyon ne ke jan sandar da ke motsa su, in tiyon ya tsage ba mai ja. Tsawonsa taƙi ɗaya. Kuɗinsa bai kai na rabin kiret ɗin ƙwai ba. Na zauna a kan taya na yi shiru, Baba ya miƙo min goro.

Bai tsaya nan ba, ya buɗe gefen hayaƙin na farkon ya nuna min yadda kunkunniya ta fara kama fukafukan, yace wannan ita ma tana kawo irin wannan noƙewar, musamman motar da kullum cikin gari take tana rarrafe a gosulo ba ta samun ta yi zafi ta ƙone dattinta. Aka kankare aka wanke har sandar tana tafiya da ɗan yatsa. Mayar da shi jikin motar kuwa yini guda ya ci. Sabon bututun mai, sabon juye da filta, sabon eya kilina, aka sauke sam, wato kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji, aka wanke ragar famfon mai, aka wanke intakula da duk manyan tiyo aka bar su suka bushe sarai, gaskit na gaske ba ɗigon gam ko ɗaya. Kafin ya ɗaure bututun ya ɗura mai da sirinji cikin turbon yana juya fankar da yatsa, sannan ya hana inji kamawa ya sa aka yi ta murza shi da sitata har mai ya hau, ya kwance bututun da ke mayar da mai ƙasa ya ga yana zubowa da idonsa, sannan ya yarda aka tayar, aka bar ta tana silo wajen minti goma ba wanda ya taɓa totur. Yau wata bakwai kenan ban sake jin ɗuriyar matsalar ba, kuma injin Allah ya rufa asiri bai samu illa ba.

Ina zaune a garejin nan na ga an kawo wata bas mai baƙin hayaƙi kamar ana ƙona taya, mai ita shi ma da zancen turbo ya zo. Baba yace a ba ta wuta, muka ji fuuu kamar ana sace taya, ya bi babban tiyon intakula ya nuna inda mai ya yi dabbare-dabbare, kilif ne ya saki. Minti biyar aka gama. A nan yake ce min baƙin hayaƙi yawanci ƙarancin iska ne, ka fara duba eya kilina da tiyo da kilif. Shuɗi mai ƙauri baƙin mai ne ke ƙonewa, amma ko shi ba lallai laifin turbo bane, don abin da ke tare mai a cikinsa ba roba bace, wasu ƙananan zobban ƙarfe ne irin ringin fistin, in an cika wa inji mai ya wuce ƙa'ida, ko bututun komawa ya toshe, ko ringin inji ya gaji yana hura iska cikin sam, to man zai rasa hanyar sauka ya ɓulle ta turbo mai lafiya. Fari kuma can wajen nozul ko gaskit ake nemansa. Ɗan danshin mai a cikin tiyo kuwa kusan duk motar gas tana da shi, kar wani ya nuna maka shi ya tsorata ka.

Na yi ta tunanin me ya sa makanikanmu da yawa suke tsoron abin nan ko su yi masa hukuncin kisa da ka. Ba sabon abu bane fa, wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar fasahar tun 1905, Mercedes ta sa shi a ƙaramar motar gas 300SD a 1978, Peugeot ta biyo da 604 a 1979. Sai dai mu nan abin da ya cika mana gari tun da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975 motocin fetur ne masu kafireto, a kansu iyayen gidan makanikan yau suka koyi aiki, a kansu suka koyar. 504 za ka iya gyara ta cikin yashi da guduma da waya ta kai ka Legas. Wannan kuwa ƙwayar yashi ɗaya ta ishe shi. Shi ya sa masu gyaran tirela suka fi su gane kansa, sun daɗe suna tare.

Amma in na ɗora wa makanikai laifi duka na yi zalunci, mu masu motocin mun fi su. Bututun nan da ya toshe ai ni na toshe shi. Shekara uku ina shan baƙin mai na awo wanda ake ɗurawa a kwalba a bakin titi don ya fi araha, wani lokacin a ce min mai kauri ya fi jure zafin ƙasarmu in yarda, ban taɓa buɗe littafin motar na ga lambar man da aka rubuta ba. In na taso daga Kano a guje da kaya ina isowa ƙofar gida sai in ba ta wuta vuum sannan in kashe, haka na ga manya na yi tun ina yaro, wai don batir ya cika. Ashe lokacin turbo yana tsakiyar gudu ga zafi kamar maƙera, ni kuma na yanke masa mai, ɗan wanda ya rage a ciki ya soye ya zama gawayi. Yanzu in na iso sai in bar ta tana silo minti ɗaya ko biyu, kafin in tattara rasit da waya lokacin ya cika. Da safe ma haka, sai mai ya zagaya kafin in motsa, kuma ba na takura mata sai ta ɗumama. Eya kilina kuwa da wajen mai faci nake kai shi a hure da iskar kwamfuresa, takardar ta yayyage ban sani ba, ga ƙurar hunturu da mu kanmu sai mun rufe hanci. Baba yace ya sha ganin fankar gaba ta zama kamar wuƙar da aka daɗe ana wasawa saboda wannan.

Sai zancen gas ɗin kansa. A Turai tun 2009 sinadarin sulfa da aka yarda ya kasance a dizal bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, mu kuwa sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da 50, kuma kowa ya san abin da 'yan bumburutu ke sayarwa a jarka ba wanda ya auna shi. Motar da aka ƙera don wancan gas ɗin da waccan iskar ka kawo ta nan, ai ba za ka bi tazarar juyen da suke bi can ba. Ni dai yanzu duk kilomita 5,000 nake yi, da man galan mai hatimi, ina tsaye ake fasa shi. Da tsada, na sani, wallahi na sani, amma na gwada arahar na ga kuɗinta.

Ga wanda nasa ya mutu da gaske, akwai wani ɗan faranti a jikin turbo mai ɗauke da lamba da sunan kamfani, Garrett ko BorgWarner ko IHI da sauransu, da wannan lambar ake saye, kar a ce maka ai kamarsu ɗaya zai hau. Akwai kuma masu sayar da cikin kaɗai wanda aka riga aka daidaita a inji, a mayar da shi cikin gidan naka, ya fi sauƙin kuɗi. Wanda nake jan kunne a kai shi ne mai cewa zai warware maka fanka da sanda a kan benci ya canza bushi ya mayar da hannu, abin da ke irin wannan gudun in nauyinsa ya karkata ko da na ƙwayar gero ne ba zai yi sati ba. Tokumbo kuma sa'a ce, ka girgiza sandarsa da hannunka kafin ka biya.

Roƙona gare ka Edita, ku ware mana ɗan shafi ko sau ɗaya a wata inda masanin mota zai riƙa amsa tambayoyi da Hausa, kuna da na likita kuna da na malamai, mu ma da abincinmu ke kan taya huɗu a tuna da mu. Ƙungiyar makanikai ta NATA da hukumar NADDC da ke horas da masu gyara su dubi garejojin bakin titi, a koya wa yaran nan karanta 'yar na'urar nan da gwajin tiyo, kuma a yi musu da harshen da suke ji. Irin su Baba sun fara ƙarewa, shi da bakinsa yace idonsa ba ya ganin ƙananan notuna yanzu sai da taimakon jika.

Mataccen tokumbon kuwa uwargida ta cika burinta, 'yan gwangwan sun zo sun ɗora shi a sikeli, suka ba ta robar wanki ɗaya da kofi biyu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai sayar da ƙwai, daga Zariya